Shekarar da Muka Binne Zuma

Bazarar bana ta sauka da wuri. Tun ba a gama sussukar alkama ba zafi ya danne gari. Ruwan randa ya koma kamar an sauke shi daga murhu, awaki sun lafe a gindin katanga suna haki. Jiya da hantsi ina tankaɗe a tsakar gida sai iska ta kaɗo daga wajen gonakin rani, ta shigo min da warin maganin feshi. Ban san sanda na ajiye rariyar ba. Zafin nan da warin nan in suka haɗu, shekara ɗaya suke tuna min, kuma har yau ban huce ba.

Sunana Rabi. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin babbar hanyar ruwan da ake shayar da gonaki da ita. Kowa a nan manomin rani ne, daga mai shinkafa sai mai albasa da tumatur. Maigidana, wanda mutane ke kira Sule Mai Zuma, shi ne bai bi sahu ba. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gado, wansa Alhaji Haruna ya ɗauki ƙasar da ruwa ke kaiwa. Shi kuwa Malam, maigidan nawa, aka bar masa 'yar gonar tudu da ba ta kai mu shekara, da kuma jerin ɗorawa da tsamiya da ke tsaye a gefen gonar wan nasa. Bai ja da kowa ba. Ya ce shi bishiyoyin ma sun ishe shi.

Sun kuwa ishe mu. Da hannunsa yake saƙa amya da ciyawa, ya yaɓe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya hau ya ɗaure a reshe. Idan ƙudan zuma suka shiga suka cika ta, ya je da hayaƙi ya ɗebo saƙar a bokiti. Daga nan aiki ya dawo kaina. Ni nake ware farar saƙa daban, in matse sauran, in tace da mayani mai tsabta, in bar ta ta kwanta, sannan in zuba a kwalabe. Mata daga ƙauyukan kewaye suna zuwa har tsakar gidana: mai jego, mai yaro da tari, mai tsohuwa kwance. Akwai kuma wani Ɗan'asabe, mai rumfa a bakin titin Zariya wajen Garun Malam, shi jarka-jarka yake ɗauka yana sayar wa matafiya. Shekara da shekaru ba a taɓa dawo min da kwalba an ce an ji sukari a ciki ba. Da zumar nan na yi wa 'ya'yana sutura, da ita muke cika rumbu kafin damina.

Waccan shekarar ta fara da kyau ƙwarai. Ɗorawa ta yi fure ja har rassa suna rinjaya, albasar da aka bari don iri ta yi fari fat a gonaki. In ka bi ta gindin bishiyoyin da safe sai ka ji kugi kamar ana niƙa daga nesa. Malam ya dawo wata rana yana murmushi, ya ce, “Rabi, ki wanke duk wata roba da kike da ita. Bana sai kin ara a maƙwabta.” Azumi zai kama a farkon damina, lokacin da hatsi ke tsada, don haka muka shirya cewa da an cire zuma za mu yi awon gero da masara mu ajiye.

Sai tsutsa ta faɗa wa tumatur.

Ban taɓa ganin irin ta ba. Gona ka bar ta kore shar, bayan kwana kaɗan ka tarar ganyen ya bushe kamar an bi shi da wuta, 'ya'yan duk huji. Manoma suka rikice. Na ga maza manya suna tsaye a bakin gona hannu a ka. Ba zan ce ban tausaya musu ba, don akwai wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a gonar nan. Amma abin da suka koma yi shi ne feshi ba dare ba rana. A fesa da safe, a fesa da rana tsaka, a haɗa magani biyu har uku a inji ɗaya. In an gama a tsuguna a 'yan kwatocin ruwan da ke ratsa gonaki a wanke injin. A zafin bazara kuwa, ƙudan zuma ruwan nan suke sha, shi suke ɗauka su kai amya don su sanyaya ta.

Malam ya ga abin da ke tafe. Sauke amyoyin ba zai yiwu ba, sun yi nauyi, kuma ina zai kai su da ba a feshi? Ya aika aka roƙi wansa ya biyo. Suna zaure, ni ina daga ciki a bayan ƙofa, ina jin komai.

“Yaya, ba cewa na yi ka daina ba,” in ji Malam. “Ka bari sai yamma ta yi sanyi, sanda suka koma gida. Kuma a daina wanke inji a kwatar gindin ɗorawa, nan suke sha.”

Yaya Alhaji ya ce, “Sule, kana da hankali kuwa? Gonata tana ƙonewa, kana yi min maganar ƙuda? 'Yan feshi da safe nake samunsu, da yamma suna gonar wani.”

“Yaya, ƙudan nan da su nake ci da iyalina.”

“To ka ɗaure su mana! Kowa yana ɗaure dabbarsa lokacin shuka. Ka nemo igiya ka ɗaure naka.”

Mutanen da suka rako shi suka fashe da dariya. Dariyar nan har yanzu tana kunnena. Na jira in ji Malam ya ɗaga murya, ko sau ɗaya a rayuwarsa. Abin da na ji kawai shi ne, “To, Allah ya kyauta.”

Ba a yi mako ba ƙudan suka fara mutuwa. Ranar da na kai wa Malam fura gindin bishiyoyin na gani da idona. Ƙasa ta yi baƙi kamar an shanya kalwa. Wasu ba su gama mutuwa ba, suna juyi a wuri ɗaya, suna karkarwa, ba sa iya tashi. Cinnaku sun yi layi suna ja. Kugin nan na safe babu shi. Sai ƙarar injin feshi daga cikin gona, fis, fis, fis, yaro yana tafe yana matsawa bai ko kalle mu ba.

Da rana tsaka Malam ya hau bishiya, ba hayaƙi, ba rufe fuska, riga ma bai sa ba. Tunda na aure shi ban taɓa ganin haka ba. Ya sauko da amyoyin ɗaya bayan ɗaya, ba ƙuda ɗaya da ya harbe shi.

Abin da zai ƙara ƙona rai, cike suke. Mun kwashe saƙar a tsakar gida, roba ta cika, bokiti ya cika, har tukunyar wanka na ɗauko. Ban taɓa ganin zuma mai yawan wannan a gidana ba. Na ce a raina, to, ƙuda sun tafi, amma aƙalla sun bar mana abin azumi. Sai na ga Malam ya sunkuya yana shinshina bokiti. Ya koma wani, ya sake shinshinawa. Ya daɗe.

“Rabi, zo ki ji.”

Na ji. Akwai wani ɗan wari can ƙasa-ƙasa, a bayan ƙamshin. Na ce masa ai ciyawar amyar ce ta sha feshi, in an tace zai fita.

Washegari sai ga Ɗan'asabe a kan babur da jarkokinsa, labari ya kai masa. Malam bai ɓoye masa komai ba, ya nuna masa matattun ƙudan, ya ce ya shinshina. Ɗan'asabe ya lakata ya lasa, ya ce, “Malam Sule, wannan ai ba komai. Duka zan kwashe. In na gauraya ta da wata, wa zai ji? Matafiyi ne, ya saya ya wuce Zariya.”

Malam ya ce, “Ba ta sayarwa ba ce.”

Na kasa daurewa, na leƙo daga ɗaki na ce, “Malam, ka dubi rumbun nan kafin ka yi magana.”

Ya ce, “Na duba. Ke kika fi ni sanin masu sayen zumar nan. Jarirai ake lasa wa. Marasa lafiya ake ba.”

“Namu 'ya'yan fa? Su ba 'ya'ya ba ne? Yayanka ya kashe maka ƙuda ka yi shiru, yanzu ni za ka nuna wa kana da zuciya?”

Ban taɓa yi masa magana haka a gaban baƙo ba. Ya sallami Ɗan'asabe, ya ɗauki fartanya ya zagaya bayan gida. Ƙasar bazara ta yi tauri kamar dutse, ina jin sararsa har la'asar. Da ramin ya yi zurfi ya fara jido robobin. Na ƙi taya shi. Na zauna a kan turmi ina kallo, yarana uku suna raɓe a jikina. Zuma ba ta zuba da sauri. A hankali take gangarowa, tana naɗewa a kan kanta, tana sheƙi a rana. Ƙasar ma ta ƙi shan ta. Sai da ya zuba toka ya bi da ƙasa, ya ɗora duwatsu don kada awaki ko yara su tona. Ƙaramar 'yata ta tambaye ni, “Umma, wa ya mutu?” Kwana da kwanaki, in rana ta take, ƙamshin zuma yake tasowa daga bayan gida ya cika mana ɗaki.

Har yau ban sani ba ko zumar nan tana da guba. Ba wanda ya auna ta. Wataƙila da an sha ba abin da zai faru, wataƙila da an yi ta'asa. Na san dai abin da binne ta ya ja mana.

Tumatur ɗin da aka yi duk wannan saboda shi, bai tsira ba. Ko kwando ɗaya Yaya Alhaji bai fitar daga gonar nan ba.

Shi kuwa Ɗan'asabe bai rufe rumfa ba. Wata rana Inna Kande, tsohuwar da ta daɗe tana saye a wurina, ta shigo ba ko gaisuwar kirki, ta dire min kwalba a gaba. Ta ce jikanta ya sayo mata a bakin titi, an ce masa zumar gidan Sule ce. “Rabi, haka kuka koma?” Na buɗe na lasa. Dafaffen sukari ne, har da ɗacin ƙuna. Na rantse mata ba mu fitar da ko cokali ba bana. Ta ce to, ta tafi, amma na ga fuskarta. Mun binne ta gaskiya a rami don kare mutane, ga shi ana sayar musu da ta ƙarya da sunanmu. Na ce wa Malam ya je ya yi masa magana. Ya je, Ɗan'asabe ya ce shi bai ambaci sunan kowa ba, masu saye ne suke zato. Malam ya dawo da wannan amsar ya zauna.

Azumi ya kama, ruwa bai sauka ba. Hadari ya haɗu da yamma, ya yi baƙi ta gabas, iska ta tashi ta watsa shi, zafi ya dawo ya fi na da. Ba ka iya taka ƙasa ba takalmi. Leɓe ya tsage, yawu ya ƙafe. Geron rumbu ya ƙare tun a goman farko. Da safe in bi matan unguwa mu je kalar shinkafa a gonakin da aka yanke, muna tsugune muna tsintar zangarniyar da ta faɗi har ido ya fara ganin duhu-duhu. In na dawo in karɓi surfen mutane, a ba ni ɗan tsaki da dusa. Da la'asar in tsinko zogale in dafa, in kwaɗa da ɗan ƙuli in an samu. Ruwan tsamiya muke buɗa baki da shi, tsami zalla, ba abin da za a sa. A gidan da mutane ke zuwa neman zumar kunun azumi! Sahur kuwa ƙanzo ne a jiƙa, in yara sun rage. Na sha ganin Malam ya ture nasa gaban yaran ya ce shi ya ƙoshi, ya sha ruwa ya tafi masallaci. Maimakon in ji tausayinsa, haushi nake ji.

Tsakiyar wata Yaya Alhaji ya aiko mana da kwanon shinkafa, cikin rabon sadakar da yake yi wa mabuƙatan gari duk azumi. Na tsaya ina kallon kwanon. Na so in mayar masa da shi har ƙofar gida. Na dubi yarana, na ɗora tukunya. Ni ban ci ba.

Bayan kwana biyu ya zo da kansa. Ya dasa shinkafa a inda tumatur ya mutu, ciyawa ta taso, yana neman mai feshi. Ina jinsa a zaure yana cewa, “Tunda yanzu ba ka da abin yi, Sule, gara a ba ka da a ba bare.”

Wannan karon ban tsaya a bayan ƙofa ba. Na ja mayafi na fito.

“Yaya Alhaji, ina wuni. Wa ya raba shi da abin yin?”

Ya dube ni kamar bango ne ya yi magana. Ya ce, “Rabi, ƙaddara ce. Ni ma ai na yi asara, ta fi taku.”

Na ce, “Taka asarar tsutsa ce ta yi maka. Tamu kai ka yi mana.”

Malam ya ce, “Rabi, shiga ciki.”

Na shiga. Washegari da safe ya goya injin feshi a bayansa.

Wannan ne abin da ya fi ci min rai a duk shekarar. Mutumin da yake shiga tsakiyar ƙudan zuma yana yi musu magana a hankali kamar 'ya'yansa, shi ne yake bin kunya-kunya a ƙarƙashin bishiyoyinsa, da bakin azumi, yana fesa magani. Injin yana yoyo. Ya dawo rigarsa jiƙe, bayansa ya yi ja ya fara saɓulewa, idonsa kamar garwashi, yana tari. In karɓi rigar in wanke ta daban, can nesa da kwanukan abinci, hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Daga gonar wansa wasu ma suka fara kiransa. Da abin da yake samowa muka ƙarasa azumin. Ba zan yi ƙarya ba, mun ci. Amma duk lomar da na kai baki warin nan nake ji.

Ruwa bai sauka sosai ba sai ana saura kwana kaɗan sallah. Ya zo da tsawa da iska, ya kwana yana zuba. Da safe ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari, kwaɗi suna ta kuka a kwatoci, yara sun fita tsirara suna tsalle a taɓo. Muka shuka 'yar gonar tudu, ni da shi da yaran, yana sara muna binnewa. Damina ta yi kyau, ba laifi. Muka samu gero.

Da kaka, an fara dashen sabon tumatur, wata ranar hantsi ina shanya kuɓewa sai na ji kugi a sama. Na ɗaga kai. Tarin ƙudan zuma ne, baƙi ƙirin, sun kewaya gidan, suka sauka a kan tsofaffin amyoyin da Malam ya jingine a bayan rumbu. Suka fara shiga ɗaya daga ciki. Na yi guɗa ban sani ba. Na aika aka kira shi daga gona, ina cewa Allah ya dawo mana da arziƙinmu har gida.

Ya zo ya tsaya yana kallonsu, ya daɗe. Sai ya juya ya tattaro busasshen kashin shanu, ya kunna, ya kara a bakin amyar. Na ɗauka wata dabara ce. Sai na ga yana ta hura hayaƙin ciki, yana bubbuga amyar da hannu.

“Malam! Me kake yi? Korarsu kake yi!”

Ya ce, “Ina za su sha ruwa, Rabi? Ni na san abin da ke cikin kwatocin nan. Da hannuna na zuba.”

Suka fito suka dunƙule a sama, suka yi gabas. Ya bi su da kallo har suka ɓace, hayaƙi yana sa shi tari. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne zuma. Na yi kwanaki ban yi masa magana ba in ban da gaisuwa.

Da aka gama girbi ya ajiye injin feshi, ya ɗaure amyoyinsa a amalanke ya kai su can wajen duwatsun bayan Rano, inda ba noman rani. Har yau can suke. Tafiya ce mai nisa ga mutum mai shekarunsa, wani lokacin sai ya kwana biyu a can. Tarin bai taɓa sakinsa ba. Masu saye sun dawo a hankali, Inna Kande ce ta fara, amma sai da na shekara ina ba mutane suna lasawa a gabana kamar baƙuwa. Ɗorawar gado kuwa, Yaya Alhaji ya sa an sare rabinsu, wai suna yi wa shinkafa inuwa.

Yaya Alhaji ya tsufa yanzu, da sanda yake tafiya. Ba su taɓa ɓatawa da ƙaninsa ba, don Malam bai ba da ƙofar ɓatawa ba. Da sallar da ta wuce ya zo gaisuwa, aka yi masa shimfiɗa a tsakar gida. Malam ya ɗauko kwalbar farar saƙa, mafi kyawun abin da muka samu, ya ajiye masa a gaba ya ce ya tafi da ita saboda maƙogwaronsa. Yaya Alhaji ya buɗe, ya lakata, ya lasa, ya ɗan yamutsa fuska.

“Da daɗi,” ya ce. “Amma ba ta kai wadda kuke cirewa a nan da ba, ta gindin ɗorawar Baba. Waccan ita ce zuma. Wai ni Rabi, me ya sa kuka daina ne?”

Na dube shi da kyau, ko zolaya yake. Ba zolaya yake ba. Ya manta.

Na miƙa hannu na ɗauke kwalbar daga gabansa, na rufe ta, na shige ɗaki da ita. Wannan karon Malam bai kira sunana ba.